Maɓallin Hasken Anti Tafireta

Kafin masu shaguna su gama share ƙofofinsu, Anti Tafireta ta riga ta iso. Jaka a kafaɗa, caja a naɗe a hannu, sai ta buɗe ɗan shagonta da ke ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da littattafan makaranta. Tebur ɗaya da benci ɗaya shagon yake ɗauka, wanda bai samu wuri ba sai ya jira a rana. Abin da take fara yi kullum shi ne ta ɗaga kai ta kalli ƙwan fitilar rufi. In yana ci, ta jona caja tun ba ta ajiye jaka ba, don ta san masu wuta ba su da alkawari. Da hantsi ya ɗaga za su ɗauke abinsu, ba a sake jin ɗuriyarsu sai rana ta yi sanyi. Abin da batirin kwamfutarta ya sha a wannan ɗan tsakanin, da shi za ta yi aikin yini guda.

Haka ta yi shekara da shekaru tana buga wa mutane takardu. Yanzu shagon a rufe yake, kuma ba gajiya ce ta rufe shi ba. Idanunta ne suka tafi, suka tafi a hankali a gaban mutanen layin gaba ɗaya, babu wanda ya lura. Shi ya sa wannan jinjina ba ta da daɗin rubutawa, amma barinta ba a rubuta ba ya fi muni.

Sunan ya samo asali ne tun tana budurwa, lokacin da take buga tafireta a wani ofis. Ofishin ya rufe, tafiretar ta yi tsatsa, sunan ya zauna daram. Har mijin autarta da shi yake kiranta, yana sunkuyar da kai kamar wani suna ne na girmamawa da aka gada.

Kwamfutar kuwa 'yar gwanjo ce, irin ta ɗorawa a cinya, ko da yake duk cinyar da ta ɗauke ta sai ta yi tsami. Babu wanda ya san ƙasar da ta fito, ko hannu nawa ta bi kafin ta zo. A bayan murfinta akwai hoton wata kyanwa da wani ya manna, ya ƙi ɓantaruwa. Rabin haruffan maɓallanta sun goge. Dogo mai gyara, wanda ya sayar mata da ita, yakan ce shi dutsen niƙa mai fitila ya sayar wa Anti, ita ta mai da shi kwamfuta. Anti kuwa Tsohuwa take kiranta, kuma ba ta yarda wani ya kira ta da haka ba.

Wanda bai ga yadda Anti take tattalin batirin Tsohuwa ba, bai san tattali ba. Katako biyu take sa mata a ƙarƙashi don ta sha iska. Ba ta sa mata waƙa, ba ta barin kowa ya jona waya a jikinta, ko da kuwa ya ce ransa ne a cikin wayar. A kusurwar hagu ta ƙasa akwai wani maɓalli mai shuɗin rubutu, F da n ne a kansa. Shi kaɗai ba ya tsinana komai ko za ka wuni kana danna shi, sai an riƙe shi an haɗa da wani daga cikin na layin sama. Anti ta raɗa masa suna ɗan rakiya. A layin saman akwai mai kashe sauti, akwai mai hana kwamfuta neman intanet, akwai mai hoton ƙaramar rana da mai hoton babbar rana. Da wuta ta ɗauke, yatsanta na hagu zai hau kan ɗan rakiya, na dama ya yi ta bugun ƙaramar rana har fuskar kwamfutar ta dushe, rubutu ya koma kamar an yi shi da toka.

Baƙon da bai saba ba yakan leƙo ya ce, "Anti, ai a kashe take."

Sai ta ce, "A kunne take, kai ne idonka ya saba da almubazzaranci. Haske shi ke cin batir. In na ba ta hasken da kake so, takardarka sai gobe."

Da wannan dabara Tsohuwa take kai ta har azahar, wata rana ta ɗan gota. Da yamma in wuta ta dawo, sai firinta ta fara aman abin da aka buga tun safe. Dogo ya sha faɗa wa masu kawo masa kukan batir cewa su je su zauna kusa da Anti su koyi zama da tsohon abu.

Mutanen layin suna da abubuwan da suka gani da idonsu. Tsohuwa ba ta zo da haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai an shiga wani lungu a cikinta an ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, abin da ke cin lokaci ya kuma ci batir. Masu buga takardu da yawa ba sa wahalar da kansu. Anti kuwa ta ce ƙasa ba za ta shigo shagonta ta fita a matsayin kasa ba. Mai sayar da littattafai ya ce ya taɓa ganin ta yaga shafi guda ta sake bugawa saboda ƙugiya ɗaya, alhali mai takardar ma ya ce ba komai.

Akwai wata mata da mijinta ya rasu, ta zo a buga mata takardar neman haƙƙinsa a wurin da ya yi aiki. Ranar batirin ya riga ya nuna ja. Matar ta zauna a benci, maimakon ta faɗi abin da za a rubuta, sai ta ɗauko labari tun daga ranar da ciwon ya fara, tana yi tana share ido da gefen mayafi. Masu jira suka fara tsaki. Anti ba ta katse ta ba. Rufe murfin Tsohuwa ta yi don ta yi barci kada cajin ya zube, ta haɗa hannu a kan tebur, ta saurari matar har ta kai aya. Sannan ta buɗe, ta buga takardar a numfashi ɗaya, tana gama adanawa kwamfutar ta mutu. Matar ta ce tun rasuwar, ranar ce ta farko da wani ya bar ta ta gama magana.

Amma abin da aka fi saninta da shi amanar jarrabawa ne. Ƙananan makarantun unguwar wurinta suke kawo tambayoyi, musamman Hedimasta, wani dattijo mai yawan zance da ke da makaranta a bayan layin. Dokarta ita ce ba mai tsayawa a bayanta in tana buga jarrabawa. In ta fitar, da hannunta take zubawa a ambulan, ta liƙe, ta sa hannu a kan bakin, ba a buɗewa sai a cikin aji a gaban yara. Wata rana ƙanin mijinta ya shigo, ɗansa yana makarantar Hedimasta. Mai gyaran takalmi yana jin su.

"Matar yaya, ko lissafi kaɗai ki ɗan leƙa mini. Yaron nan in ya sake faɗuwa uwarsa ba za ta bar ni in sha ruwa ba."

Anti ta sauke murfin Tsohuwa a hankali, ta dube shi ta ce, "Ka gaishe mini da mutanen gidan."

An daɗe ba ya taka gidanta. Ba ta taɓa ba kowa labarin ba, mai takalmi ne ya kasa riƙe bakinsa.

Ke ce wannan, Anti. Ke ce mai hannun da ba ya cin amana. Takardun da suka samar wa mutane aiki, da waɗanda suka kai yara aji na gaba, ta ƙarƙashin yatsunki suka bi, kuma babu ɗaya da ke ɗauke da sunanki. Mun karɓa mun ninke mun tafi, wani ko waiwaye bai yi ba.

Abin ya fara ne da ƙorafin batir. Anti ta ga fuskar Tsohuwa tana ƙara duhu fiye da yadda ta saba barinta, sai ta riƙe ɗan rakiya ta ɗan taɓa babbar rana. Bayan wani lokaci duhun ya dawo, ta sake ƙarawa. Ana haka batirin ya fara gazawa. Wanda yake kai ta azahar ya koma mutuwa tun rana ba ta take ba. A lissafinta abin a fili yake: batir ya tsufa, ba ya iya ba fitila ƙarfi, shi ya sa take dushewa. Mace ce da ta shafe shekaru tana aiki cikin duhun da ta zaɓa da kanta, don haka da wani duhun ya shigo, ba ta bambance su ba. Duk wanda ya zauna a shagon a lokacin ya ji ta tana yi wa Tsohuwa faɗa kamar 'yar da ta fara ƙin aike.

Ranar da ta danna babbar rana ta ga ba ta ƙara komai, sai ta naɗe caja ta ɗauki kwamfutar zuwa shagon Dogo a ƙarshen layi. Dogo mutum ne mai tsawo da sunkuyo ya zame masa ɗabi'a, mai ƙarancin magana, kullum da ƙaramin sukudireba a bayan kunne.

"Dogo, Tsohuwa ta fara juya mini baya. Batirin ba ya riƙe komai, maɓallin haske kuma ya mutu. Ina dannawa kamar ina danna katako."

Ya buɗe murfin ya kunna. Hasken da ya bugi fuskarsa sai da ya ƙanƙance ido. Ya duba ma'aunin, ya ga a cike yake har baki. Ya gwada batirin da na'urarsa, ya ga tsoho ne dai, amma bai fi yadda ya san shi lalacewa ba. Ya riƙe ɗan rakiya ya sauke hasken har ƙasa, ya sake ɗaga shi har sama, maɓallan biyu suna aiki lafiya lau.

"Anti, kin ga ya canza?"

Ta matso da fuska. "Ya ɗan motsa. Amma ba haka take da ba."

"Ƙarshen haskenta ke nan, Anti. Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa wuce haka ba. Kin daɗe kina aiki a kan cikakken haske, shi ke shanye miki batir."

"To fitilar cikin ce ta tsufa. Ka canza mini ita."

Dogo bai yi musu ba. Ya jawo wata sabuwar kwamfuta da aka kawo masa gyara, ya kunna, ya ƙure mata haske, ya ajiye kusa da Tsohuwa. "Wannan fa?"

"Ita ma ai dishi-dishi take. Kayan yanzu duk haka suke."

Ya rufe murfin sabuwar kwamfutar a hankali. Wannan ne ya faɗa mata abin da bakinsa ya kasa. Ta daɗe a tsaye da hannu ɗaya a kan teburinsa, tana jin hayaniyar titi kamar daga nesa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka rufe ofishinsu. Ta laluba ta rufe murfin Tsohuwa.

"Kada ka faɗa wa kowa."

"Anti, asibiti ya kamata..."

"Zan je. Amma in layin nan ya ji, wa zai sake kawo wa makauniya takarda? Ka yi mini alkawari, Dogo."

Ya yi mata. Ya ce har yau bai san ko daidai ya yi ba.

Autarta ce ta raka ta asibitin ido. A hanya Anti tana ta ƙarfafa wa kanta gwiwa cewa yanar ido ce, ai kankare ta ake yi mutum ya koma aikinsa. Likitan ya haska, ya auna, ya sa ta kallon wasu ɗige-ɗigen haske da yawancinsu ba ta gani ba. Sannan ya ce ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar gani ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Za a ba ta maganin ɗigawa ko a riƙe ɗan abin da ya rage, amma abin da ya rage ɗin ba shi da yawa.

"Mama, me ya hana ki zuwa da wuri?" in ji likitan.

"Na ɗauka batir ne," in ji ta.

Likitan ya dubi Auta don ta fassara masa. Auta ta kasa, kuka ya ci ƙarfinta.

Washegari Anti ta buɗe shago kamar kullum. A nan ne laifinmu yake, mu mutanen layin, kuma babu amfanin a rufe shi. Mun ga ta fara tuntuɓe da dakalin ƙofar da ta yi shekaru tana tsallakewa. Mun ga sai mun yi magana take kiran sunanmu. Mun ga ta daina karɓar rubutun hannu, sai ta ce, "Rubutunka ya zama tafiyar kaza, zauna ka karanta mini." Muka yi dariya muka ce Anti ta fara tsufa, ta fara iyayi. Yatsunta sun san hanyarsu ko a rufe take da ido, takardu suna fita tsaf, mu kuwa takardar muke kallo ba fuskar mai buga ta ba.

Da lokacin jarrabawa ya zo, Hedimasta ya kawo tambayoyinsa. Ta ce masa shi ma ya karanta mata. Ya zauna a benci yana fuskantarta, bayan murfin ne kawai a gabansa, yana karantawa yana cusa labarin wani malaminsa da ya gudu ba sallama. Kafin su fara, Anti ta kai hannu neman ƙarin hasken da ta san babu shi, don hannu ba ya jin magana. Ta riƙe ɗan rakiya, ɗaya yatsan ya zame ya sauka a kan wani maɓalli na kusa. A irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci, wannan maɓallin yana mai da haruffan da ke ƙarƙashin hannun dama su koma lambobi. Wata 'yar fitila takan kama a gefe don ta yi gargaɗi. Anti ta sha gyara wa mutane wannan matsalar tana yi musu tsiya, amma ranar ba ta ga fitilar ba.

Ta buga jarrabawar har ƙarshe. Hedimasta ya tafi. Da wuta ta dawo ta fitar, ta ɗaga shafin kusa da fuska, ta ga layuka baƙaƙe a jere yadda ya kamata. Ta zuba a ambulan, ta liƙe, ta sa hannu a baki. Dokar da ta kafa don kare amanar yara ita ce ta hana wani ido ya gani kafin lokaci.

A cikin aji aka buɗe. Malamin ya raba, ɗakin ya yi tsit, sai wata yarinya ta tuntsire da dariya, sauran suka bi. A saman shafin, inda ya kamata a ce "amsa duka tambayoyi", abin da ke rubuce shi ne "a0sa d42a ta0bay6y5". Haka takardar take har ƙasa. Aka sallami yara suka koma gida, iyaye suka fara zuwa tambayar wace irin makaranta ce wannan.

Hedimasta bai ɗaga murya ba. Ya shigo shagon ya ajiye takardun a kan tebur. "Anti, dubi abin da Tsohuwarki ta yi mana."

Ta ɗauki shafi ɗaya ta riƙe. Ba ta ga komai ba sai layuka. Ta rasa yadda za ta tambaya ba tare da ta tona kanta ba, sai ta ce, "Karanta mini inda ya fi ɓaci."

"A, sifili, s, a. Sai d, huɗu, biyu, a. Ni dai ban san wannan yaren ba."

Tun bai gama ba, ta gane. Ba kuskuren ne ya kashe mata jiki ba, kowa yana kuskure. Sanin cewa ta riƙe wannan shafin a hannunta, ta dube shi, ta liƙe shi da sa hannunta, shi ne ya gaya mata aikin ya ƙare.

"Na daɗe ina faɗa miki kwamfutar nan ta gaji," in ji Hedimasta. Shi da kansa ya miƙo mata mafita, ita kuma ta karɓa.

"Ta gaji. Batirin ma ya mutu, ba ya riƙe komai. Zan rufe shagon in ɗan huta."

A ranar ta sa kwaɗo. Mai takalmi ya taya ta ɗaukar firinta zuwa bakin titi, yana ce mata sai ta dawo.

Hedimasta mutum ne mai zuciya mai kyau, kuma abin ya tsaya masa a rai. A ganinsa bai dace mace kamar Anti ta zauna a gida saboda batir ba. Ya bi shago shago, ya samu mai littattafai da mai takalmi, ya nemo matar nan da aka buga wa takardar mijinta, da wasu malamai, suka haɗa hannu. Sannan ya nufi wurin Dogo ya ce a nemo sabon batir, mai kyau, wanda zai kai Anti har la'asar.

Dogo ya yi ta kame-kame. Ya ce irin wannan batirin ya yi wuyar samu. Ya ce ko za a saya mata wani abin daban, atamfa ko kujerar hutawa.

"Kujerar hutawa ga mai son komawa aiki? Kai dai nemo mana, Dogo. Ko ba ka son ta dawo ne?"

Alkawari ya ɗaure masa baki. Ya ja ƙafa wata da watanni, Hedimasta yana zuwa yana tuni, har dai ya rasa uzuri ya nemo. A cikin watannin nan ɗan abin da likita ya ce za a riƙe, bai riƙu ba.

Da yamma suka je gidan. Auta ta shigar da su falo, ta jera musu kujeru, tana kallon ƙullin da ke hannun Hedimasta da fuskar da ba su gane ba. Anti tana zaune a kujerarta kusa da taga, labule a sake. Ta ce su yi haƙuri ba za ta tashi ba, gwiwa ce ta matsa mata. Duk wanda ya yi sallama sai ta kira sunansa, ta tambayi iyalinsa, ta tsokani mai takalmi cewa tun daga ƙofa ta ji warin gam. Aka yi dariya. Babu wanda ya ga wani abu.

Hedimasta ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo kamar yadda ya saba. Ya ce maganar jarrabawa ta wuce, laifin na'ura ba ya hawa kan mutum. Ya ce layin ya yi maraicinta, wanda suke kai wa takardu yanzu ba ya bambance ƙasa da kasa. Sannan ya kwance ƙullin ya ɗora mata batirin a hannu. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta gane ko mene ne. Ta yi godiya, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta yi rawa ba.

"Auta, ɗauko Tsohuwa," in ji Hedimasta. "Yau sai mun ga ta tashi."

Auta ta dubi Dogo, Dogo ya dubi ƙasa. Aka kawo kwamfutar. Ya cire tsohon batirin ya sa sabon, ya ɗora ta a kan ɗan tebur a gaban Anti, ya buɗe murfin ya danna. Sautinta a kashe yake, don haka ta tashi shiru. Falon da ɗan duhu, hasken ya fito ya kwanta a fuskar Anti, har ana ganinsa a cikin ƙwayar idonta. Kowa yana jiran abin da za ta ce. Ta ɗora yatsunta a kan maɓallan, ta gyara zama, ta yi murmushi.

"To, Dogo, kunna mana ita mu gani."

Babu wanda ya motsa. Matar da mijinta ya rasu ce ta fara sa mayafi a baki. Hedimasta ya koma ya zauna a hankali, mutumin da ba a taɓa ganin magana ta ƙare masa ba. Anti ta ji yadda ɗakin ya canza. Murmushin ya sauka daga fuskarta.

"A kunne take, ko?"

"A kunne take, Anti," in ji Dogo.

Ta janye hannuwanta ta ajiye a cinya. Can ta juya wajen da ta ji muryar Hedimasta ta ƙarshe, ta ce, "Ka roƙa mini yaran nan gafara. Ba Tsohuwa ba ce ta ɓata musu jarrabawa."

Ita ce da kanta ta ce a rubuta wannan, tunda abin da take ɓoyewa ya riga ya fito. Ta ce wataƙila wani ya ji ya je a duba shi da sauran lokaci. Saboda haka masu buga takardu, da teloli, da masu gyaran waya, da duk mai cin abinci da idonsa, ku ɗauki amanarta da haƙurinta da ƙin barin aiki ya fita da aibi. Ku bar mata abu ɗaya kawai: in duniya ta fara yi muku duhu, kada ku tsaya zargin kayan aiki. Mu kuma masu kai aiki, mu riƙa ɗaga kai muna duban wanda ke yi mana shi.

Anti, ba za ki ga wannan rubutu ba, Auta ce za ta karanta miki. Mun gode da shekarun da kika yi a ƙarƙashin matakala kina gyara mana maganganunmu. Mun gode da ambulan ɗin da ba a taɓa samun bakinsa a buɗe ba. Allah ya saka miki, ya ba ki haƙurin abin da ya same ki, ya sa hasken da kika rasa a nan ki tarar da shi a gaba. Ba mu da abin da za mu mayar miki, kuma sanin haka yana da ciwo. Lokacin da kike bukatar wanda zai lura ya kama hannunki zuwa asibiti, muna zaune a bencinki muna jiran takardunmu. Da muka tashi taimako, batir muka kawo miki. Ki yafe mana.